KUSANTAR ALLAH BISA TSARI: DARASI DAGA HADAYUN ISRA'ILAWAN DĀ

(Jawabin da aka gabatar a zauren taro na jami'a, a makon ibada na ɗalibai Kirista)

 

Da aka aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, ni kuwa sai na zaɓi littafin da yawancinmu muke tsallakewa. Kowa ya san yadda abin yake. Mutum ya ɗaura niyya a farkon shekara zai karance Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Ya ji daɗin Farawa, ya bi Musa cikin Fitowa har gindin Dutsen Sina'i, sa'an nan ya faɗo cikin Littafin Firistoci, ya tarar da kitse da ƙoda da jini da toka, sura bayan sura har 27. A nan niyyar mutane da yawa take kwanta dama. Abin mamaki kuwa, bisa tsohuwar al'adar Yahudawa da wannan littafi ake fara koya wa yara karatun Attaura.

Ina da dalilin wannan zaɓi. Na san gardamar da ke tsakaninku. Wani ɓangare yana cewa tsara sujada ɗaure Ruhu ne, a bar kowa ya yi yadda zuciyarsa ta ba shi. Wani ɓangaren kuma yana riƙe da littafin addu'a da jerin waƙoƙi, har in an sauya wurin abu ɗaya sai ya ga kamar ba a yi sujada ba. Gardamar ta kai wasunku sun daina zama a benci ɗaya. Ban zo in raba muku gardama da ra'ayina ba. Na zo ne mu duba tare yadda Allah ya koya wa Isra'ila zuwa gabansa, don abin da na gani a ciki shi ne: tsarin nan hanya ce da Allah da kansa ya share domin mai zunubi ya iso wurinsa ya kuma koma gida da ransa.

Matsalar da littafin ya zo warwarewa

Littafin Fitowa ya ƙare da wani abu mai ban tausayi. An gama aikin alfarwa ta sujada, an kafa ta a rana ta 1 ga wata na 1 a shekara ta 2 bayan fitowa daga Masar, girgije ya rufe ta, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta. Amma Musa kansa, wanda ya shugabanci aikin, ya kasa shiga. Allah ya sauka a tsakiyar zango, ga shi kusa, amma ba mai iya matsawa. Sai Littafin Firistoci ya buɗe da Ubangiji yana kiran Musa daga cikin alfarwar, shi ya sa ma sunan littafin a Ibrananci, Wayyikra, ma'anarsa “sai ya yi kira”. In kuka juya zuwa farkon Littafin Ƙidaya, wata ɗaya ke nan daidai bayan kafa alfarwar, za ku tarar ana magana da Musa a cikinta. Masu nazari sun daɗe da lura da wannan: a farko yana waje, a ƙarshe yana ciki, abin da ke tsakani kuwa shi ne littafin da muke tsallakewa.

Kalmar da littafin ya fi amfani da ita wajen kiran hadaya ita ce korban. Kun taɓa cin karo da ita a Markus sura 7. Tushenta a Ibrananci yana nufin matsowa kusa, kuma tushe ɗaya ne da na kalmar Larabci da muka aro muka ce muƙarrabi, watau na kusa da sarki. Ashe hadaya a bakin Ba'isra'ile abin matsowa ce. Wanda ya jawo tunkiyarsa zuwa ƙofar alfarwa, neman kusanci ne ya kawo shi.

Wurin kansa ma koyarwa ne. Farfajiyar tana da tsawon kamu 100 da faɗin kamu 50, kimanin mita 45 da mita 22 ke nan, da ƙofa guda ɗaya tak ta fuskar gabas. Da shigarka abin da za ka fara tararwa shi ne bagaden tagulla, kamu 5 kowane gefe, tsayinsa kamu 3. A shekarun 1960, masu haƙar kayan tarihi a ƙarƙashin Yohanan Aharoni sun tono wani ƙaramin ɗakin sujada a Arad, kudancin ƙasar Yahuza, suka sami bagade mai kusan wannan faɗi. Bayan bagaden sai daron wanka na firistoci, sai Wuri Mai Tsarki, sai labule, sai Wuri Mafi Tsarki inda akwatin alkawari yake. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Baƙo yakan yi sallama a ƙofa, a shigar da shi zaure, wani ya wuce shigifa, amma turaka ba ta kowa ba ce. Ba ƙiyayya ce ta sa maigida ya gina zaure ba. Zauren ne ma ya sa baƙo yake da inda za a karɓe shi.

Hadayu biyar, da aikin mai kawowa

Surori 7 na farko sun jera hadayu iri biyar. Akwai hadaya ta ƙonawa, wadda ake ƙone dabbar ɗungum, fata kaɗai ake bar wa firist. Akwai hadaya ta gari, watau lallausan gari da mai da lubban, ko waina da aka toya a tanda ko a kasko, ba yisti, ba zuma, amma dole a sa gishiri. Akwai hadaya ta salama, wadda ake ƙone kitse da ƙoda da matsarmamar da ke jikin hanta, a ba firist ƙirji da cinyar dama, sauran naman kuwa mai hadaya ya ci da iyalinsa da baƙinsa. Sai hadaya domin zunubi, da hadaya domin laifi, wadda za mu iya kira ta ramuwa.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne yawan aikin da ke kan talakan da ya kawo hadaya. A hadaya ta ƙonawa, shi zai zaɓo dabba marar lahani daga garkensa, shi zai kawo ta, shi zai ɗora hannunsa a kanta, shi zai yanka, ya feɗe, ya yanyanka. Aikin firist shi ne ya yayyafa jinin a bagade, ya jera itace, ya shirya gunduwoyin a bisa wuta. Ba'isra'ile bai san sujadar da mutum zai zo ya harɗe ƙafa yana kallon gwanaye suna yi masa ba. Yakan koma gida hannunsa da ƙarnin jini, garkensa kuma ya ragu da ɗaya. Wannan tambaya ce gare mu: a sujadar Lahadin da ta wuce, me ka kawo, me kuma ya ragu a wurinka?

Akwai kuma aikin da ba mai tafa wa mai yinsa. Kowace rana ana miƙa 'yan raguna biyu bana ɗaya, ɗaya da safe ɗaya da maraice, wutar bagade kuwa ba a barin ta ta mutu. Kowace safiya firist zai sa tufafin lilin ya kwashe toka ya ajiye a gefen bagade, sa'an nan ya sake tufafi ya kai ta bayan zango. Har kwasar toka an yi mata doka da sutura. Wanda yake share ɗakin sujada da asuba, da wadda take jera kujeru, su ji wannan su ƙarfafa.

Tsarin da bai manta da matalauci ba

Mutane sukan ɗauka cewa inda doka ta yi yawa, mai hali ne yake cin riba. A nan abin ya sha bamban. A hadaya ta ƙonawa, mai bijimi ya kawo bijimi, mai rago ko bunsuru ya kawo nasa, wanda ba shi da ko ɗaya ya kawo kurciya ko ɗan tattabara. Littafin kuwa ya rufe bayanin kowanne daga cikin ukun da kalmomi iri ɗaya, cewa abin ya zama ƙanshi mai daɗi ga Ubangiji. Bai ce na bijimi ya fi ƙanshi ba. A sura 5 an ƙara saukowa ƙasa: wanda bai iya tunkiya ba ya kawo tsuntsaye biyu, wanda ko tsuntsayen sun fi ƙarfinsa ya kawo kashi ɗaya cikin goma na awon efa na gari, abin da bai wuce kimanin lita 2 ba, kuma an yafe masa mai da lubban. Da ɗan garin nan za a yi masa kafara, a gafarta masa kamar kowa.

Ku tuna da abin da Luka ya rubuta a sura 2. Sa'ad da Maryamu da Yusufu suka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, watau hadayar da Firistoci sura 12 ta yanka wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Ubangijinmu da kansa ta ƙofar talakawa aka shigar da shi gidan Ubansa. Saboda haka duk taron sujadar da ɗalibin da kuɗin makaranta ya gagare shi zai ji kunyar shiga saboda rigarsa, ko a riƙa shelar sunayen masu manyan baiko ana yi musu tafi, to, wannan taro ya kauce daga tsarin Allah, ko da an bi littafin addu'a layi bayan layi.

Girman kujera, girman hadaya

Yanzu na zo kanku, ku da kuka fara aiki, da ku da za ku karɓi takardun digiri ba da daɗewa ba. Sura 4 ta raba hadaya domin zunubi bisa ga matsayin mai laifin. In babban firist ne ya yi kuskure, bijimi zai kawo, daidai da abin da za a kawo in dukan jama'a ne suka yi laifi. In shugaba ne, bunsuru. In talaka ne, akuya ko tunkiya. Ba a nan kaɗai bambancin ya tsaya ba. Jinin hadayar talaka da ta shugaba a zankayen bagaden waje ake shafa shi, amma na babban firist sai an shiga da shi ciki, a yayyafa sau 7 a gaban labule, a shafa a zankayen bagaden turare. Wani masani Bayahude, Jacob Milgrom, wanda ya rubuta sharhin littafin nan cikin juzu'i 3 tsakanin 1991 da 2001, ya jawo hankali ga cewa ba a jikin mai zunubin ake shafa jinin wannan hadaya ba, a jikin kayan alfarwa ne. A fahimtarsa, zunubi yana ƙazantar da mazaunin Allah, kuma gwargwadon nauyin laifin, gwargwadon zurfin da dauɗar take kaiwa ciki. Idan haka ne, kuskuren babba ba nasa ba ne shi kaɗai. Akawun da ya ɓatar da fayil ya cuci mutum ɗaya, babban sakataren da ya karkatar da doka ya cuci jiha. A wurinmu mukan ga girman kujera yana sa a sassauta wa mutum. A wurin Allah kuwa girman kujera ƙara farashi yake yi.

Sai hadaya ta ramuwa, wadda farkon sura 6 ya bayyana. An lissafa laifofin: cin amanar ajiya, ƙwace, zaluntar maƙwabci, tsintuwar da aka musa, da rantsuwar ƙarya a kan ɗayansu. Mai irin wannan laifi ba zai fara da rago ba. Zai fara da mayar wa mai abu abinsa cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sa'an nan ya kawo ragonsa. Wanda ya ci Naira 100,000 ta wani, 120,000 zai mayar. Littafin Ƙidaya sura 5 ya ƙara da cewa sai ya furta laifin da bakinsa, in kuma wanda aka cuta ya rasu, a biya danginsa. Littafin ya kira wannan cin amanar Ubangiji ne, alhali maƙwabci aka cuta. Haka Yesu ya koyar a Matiyu sura 5, cewa wanda ya tuna a gaban bagade ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je ya shirya da shi. Haka kuma Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. 'Yan'uwa, kuɗin ɗan fansho da aka riƙe ba ya tsarkaka don an cire zakarsa an kai ɗakin sujada. Maganinsa ɗaya ne, a mayar wa mai shi.

Rana ta takwas: wuta ɗaya, sakamako biyu

Bayan kwana 7 na keɓe Haruna da 'ya'yansa, a rana ta 8 aka fara hidima. Ku dubi jerin da aka bi a sura 9. Haruna ya fara miƙa hadaya domin zunubin kansa, kafin ya taɓa na jama'a. Sa'an nan a na jama'a aka fara da hadaya domin zunubi, aka bi da ta ƙonawa da ta gari, aka rufe da ta salama. Watau tsarkakewa tukuna, sai miƙa kai, sai zama a ci tare. Mu kuwa mukan so mu fara daga ƙarshe. Muna son kiɗa da murna da zumunci, ba mu son tsayawa a wurin tuba. Da aka bi jerin nan, Haruna ya ɗaga hannu ya sa wa jama'a albarka, ɗaukakar Ubangiji ta bayyana, wuta ta fito ta cinye abin da ke bisa bagade, jama'a suka yi sowa suka faɗi rubda ciki. Masu cewa tsari yana kashe murna, ga sowa nan a tsakiyar tsari.

Sura ta gaba ba ta da daɗin ji. Nadab da Abihu, manyan 'ya'yan Haruna, suka ɗauki farantansu na turare suka miƙa wutar da ba a umarce su ba, sai wuta ta fito daga gaban Ubangiji ta cinye su. Waɗannan ba baƙi ba ne. Suna cikin waɗanda suka hau dutse tare da Musa da dattawa 70 a Fitowa sura 24, suka ci suka sha a gaban Allah. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Haɗarin da ke kan ɗan limami da shugaban mawaƙa da sakataren ƙungiya shi ne su saba da abubuwa masu tsarki har su daina jin nauyinsu. Nan take kuma aka hana firistoci shan ruwan inabi in za su shiga hidima, domin su iya rarrabe mai tsarki da wanda ba shi ba. Haruna kuwa ya yi shiru.

Irin wannan ta sake faruwa a zamanin Dawuda. An ɗora akwatin alkawari a kan sabon keken shanu, kamar yadda Filistiyawa suka taɓa yi, alhali doka ta ce 'ya'yan Kohat ne za su ɗauke shi a kafaɗa. Ana kiɗa ana rawa da iyakar ƙarfi, shanu suka yi tuntuɓe, Uzza ya miƙa hannu ya riƙe akwatin, ya mutu nan take. Akwatin ya yi wata 3 a gidan Obed-edom. Da Dawuda ya sake shiri, ya amsa da bakinsa a 1 Tarihi sura 15 cewa rashin bin ƙa'ida ne ya jawo musu abin da ya faru. A karo na biyu Lawiyawa suka ɗauka a kafaɗa, Dawuda kuma ya yi rawa har matarsa ta raina shi. Himma tana nan a tafiya ta farko da ta biyu. Biyayya ce aka rasa a ta farko.

Tsari ba gunki ba ne

Kada masu riƙon littafin addu'a su yi murmushi tukuna, don saura nasu. A ƙarshen wannan sura ta 10, Musa ya tarar an ƙone naman hadaya domin zunubi wanda ya kamata firistoci su ci, ya husata da Ele'azara da Itamar, 'ya'yan Haruna da suka rage. Haruna ya ba shi amsa cewa a ranar da irin wannan masifa ta same shi, anya cin naman zai gamshi Ubangiji? Musa ya ji, ya yarda. A rana guda an saɓa ƙa'ida sau biyu, na farko ya jawo mutuwa, na biyu aka karɓi uzuri, domin ɗaya daga ganganci ya fito, ɗayan kuwa daga tsoron Allah da karyayyar zuciya. Haka a zamanin Hezekiya, mutane da yawa daga arewacin ƙasar suka ci Idin Ƙetarewa ba su tsarkake kansu yadda doka ta ce ba, sarki ya roƙa musu domin sun sa zuciya ga neman Allah, Ubangiji kuwa ya ji.

Annabawa sun fi kowa zafi a wannan batu. Amos ya gaya wa masu tururuwa zuwa Betel cewa Allah ya ƙi idodinsu da waƙoƙinsu muddin ana tattake matalauta a wurin shari'a. Ishaya ya ce Allah ya gaji da kitsen dabbobin mutanen da hannuwansu ke cike da jini. Malakai kuma, da ya ga ana kawo makafi da guragun dabbobi, ya ce su gwada kai wa gwamnansu irin wannan su gani ko zai karɓa. Ku ma'aikata kun fi ni gane wannan. Wanda ba ya yarda ya makara minti 5 in kwamishina ya kira taro, shi ne yake shigowa sujada ana addu'ar rufewa.

Ina muka tsaya yau?

Haikalin Sulemanu ya faɗi a hannun Babilawa wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Na biyun kuma Romawa suka rushe shi a shekara ta 70, tun daga nan hadayun Haikali suka tsaya. Amma ga Kirista, abin da ya rufe babin ya riga wannan. A dā mutum ɗaya ne, babban firist, yake wuce labule, sau ɗaya a shekara, a rana ta 10 ga wata na 7, da jini a hannu da hayaƙin turare a gabansa don kada ya mutu. Matiyu da Markus da Luka duka sun shaida cewa a lokacin mutuwar Yesu labulen Haikali ya tsage biyu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta bayyana ma'anar: jinin bijimai da awaki inuwa ce, maimaita shi kowace shekara ma shaida ce cewa bai gama aikin ba, Almasihu kuwa ya miƙa kansa sau ɗaya ya gama. Don haka ake kiranmu mu matso gaba gaɗi. Amma wannan wasiƙa ɗin ce kuma, a ƙarshen sura 12, take gargaɗinmu mu yi sujada da ladabi da tsoro, tana tuna mana cewa Allahnmu wuta ne. Ƙofa ta buɗe, amma Maigidan bai sake ba.

Ikkilisiyar Koranti ta yi irin gardamarku. Suna da baye-baye masu yawa, amma taronsu ya zama kasuwa, kowa yana magana lokaci ɗaya, a wurin Jibin Ubangiji kuma masu hali suna ƙoshi har da maye, matalauta suna zaune da yunwa. Bulus bai hana su baye-bayen ba, ya ma ce kada a hana. Abin da ya yi shi ne ya sa musu layi: masu harsuna biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, da mai fassara, masu annabci biyu ko uku, sauran su auna, wajen ci kuma a jira juna. Ma'aunin da ya ba su shi ne ko ɗan'uwa ya ƙaru, ko baƙon da ya shigo ya gane abin da ake yi. Ashe tsari ƙauna ce ga na kusa da kai, kamar yadda yake ladabi ga Allah.

Kafin in zauna, ga abubuwa huɗu da nake roƙonku. Na ɗaya, ku shirya kafin ku zo. Ba'isra'ile tun daga gida yake duba dabbarsa, kai ma duba zuciyarka tun daren Asabar. Na biyu, in akwai hakkin wani a hannunka, ko littafin laburare ne, ko bashin abokin ɗaki, ko kuɗin hukuma, ka mayar a makon nan, kada ka jira sai an tambaye ka. Na uku, ku duba taronku ku gani ko mai ɗan garin nan yana da wurin zama a cikinsa. Na huɗu, ku shugabanni, ku fara da naku zunubin kamar Haruna kafin ku hau mumbari ku faɗi na jama'a.

Ga ɓangarorin nan biyu kuma, ina da tambaya ɗaya ga kowanne. Kai mai son 'yanci, wutar da ke cikin farantinka, daga bagade ka ɗebo ta, ko kuwa kai ka hura abarka? Kai kuma mai son tsari, itacen da ka jera da kyau haka, yaushe rabon da wuta ta sauko a kansa? Ku tafi da tambayoyin nan, Lahadi mai zuwa kuma ina fatan in ji an ce kun zauna a benci ɗaya.

 Ubangiji ya ba mu zuciyar matsowa gare shi ta hanyar da ya shirya. Amin.